Kogon da Ya Karɓe Ka Ya Ƙi Ni

Zuwa ga ƙanena kuma abokina Haruna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka a can kwarin duwatsun farar ƙasa. Mu nan Madina lafiya lau. Mutanen gidanmu na Khalidiyya suna gaishe ka, har da mai shagon dafaffen waken ful na ƙasan bene, wanda kullum sai ya tambaye ni ina Badamagare ya shiga.

Hotunanka sun iso. Na ga wanda kake rataye da igiya a tsakiyar rami, hular kwano a ka, fitila a goshi, fararen duwatsu na lilo ta samanka kamar hantsar saniya. Kowa a zaurenmu na waya ya rubuta ma sha Allah. Ni ban rubuta komai ba, na kuma san ka lura. Ƙyashi ne ya riƙe mini hannu, Haruna.

Ni fa na kai ka wurin Dakta, malamin ilmin duwatsun da nake tuƙa wa mota. Lokacin kana dakon kwalayen dabino, ba ka san wani kogo ba sai na Suratul Kahfi. Ranar da muka fara shiga baƙaƙen kogwannin arewacin gari, gefen rigata ka riƙe kana jan Ayatul Kursiyyu, jemagu na kaɗa mana fuska. Ni na koya maka ƙullin igiya. Ni na nuna maka yadda ake haska na'urar awo daga wannan alama zuwa waccan, a faɗi tsawo da gangara, Dakta na zanawa.

Sai tafiyarmu ta farko zuwa kwarin. Can cikin kogo muka tarar da wata tsaguwa mai hura iska mai sanyi, Dakta ya ce inda iska ke fitowa haka akwai babban ɗaki a baya. Ni na fara cusa kai. Kafaɗu suka wuce, ƙirji ya ƙi. Na fitar da numfashina duka, na tura har dutse ya saɓule mini fatar haƙarƙari, ƙarshe da ƙafafu kuka janyo ni. Kai kuwa, siriri kamar sillen kara, ka sulale ka ɓace. Jim kaɗan muka ji kabbararka tana amsa-kuwwa daga wancan ɓangare. Na zauna da ƙura a baki ina rubuta awon da kake kirawo mini, awon wurin da idona bai gani ba.

Da ka fito cewa ka yi, "Yaya Sani, wallahi ba ya faɗuwa." Ka san kuwa wannan maganar ta fi ƙujewar dutsen zafi?

Da aka ba su Dakta aikin zana taswirar kwarin gaba ɗaya, kai suka nema, suka mayar da iƙamarka, takardar zamanka a ƙasar, hannunsu. Ni aka bar ni da kai 'ya'yan Dakta makaranta da kai baƙinsa ziyara masallacin Ƙiblatain. Innata takan ce rabon kwaɗo ba ya hawa sama. To ni nawa ƙasa ya shige, da wani a cikinsa. Na dage da azumin Litinin da Alhamis, Allah Ya yafe mini, niyyar a gauraye take. Tumbi ya tafi, ƙashi yana nan yadda aka halicce shi. Da na ga sun rubuta sunanka a kan ɗakin nan a taswira, sai da na kife wayar.

Saƙonka na makon jiya ya same ni. Ka ce kuna neman mai zama a bakin rami, ya lura da igiya, ya lura da sama, domin idan ruwa ya sauka a tuddai, ambaliya kan cika kogo tun na ciki ba su ji ba. Ka ce sunana ka bayar, Dakta ya amince. Da farko raina ne ya ɓaci. Wato in zo in yi gadin ƙofa kai kana ciki kana kallo?

Shekaranjiya aka yi ruwa a nan. Ina tsaye a gefen hanya na ga busasshen kwarin nan na wajen Uhudu ya cika kafin mutum ya gama alwala, ya ɗauki wata mota kamar kwalin ashana. Ban tuna taswira ba. Abin da ya faɗo mini shi ne, yanzu wa ke duba maka sama? Watakila wani da ke zaune yana latsa waya.

Saboda haka ka faɗa musu ina tafe. Ƙyashin nan da shi zan zo, ban yi maka alkawarin barin sa a Madina ba. Amma muddin kana ƙarƙashin ƙasa, idona ba zai sauka daga kan gajimare ba.

Allah Ya tsare shigarka, Ya tsare fitarka, Ya ƙara maka buɗi, ni kuma Ya wanke mini zuciya. Amin.

Naka yayanka,
Sani