Muryoyin da ke Bakin Hamdiyya

Maje, Suleja.
Ranar Litinin.

Baban Hamdiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya ruwan Fatakwal? Hajiya na gaishe ka, ƙafarta ta yi sauƙi.

Za ka yi mamakin ganin takarda alhali kullum muna waya. Abin da ke raina ba zai faɗu a waya ba, don duk sanda ka kira Hajiya na zaune kusa. Shi ya sa na ba Dogara direba ya kawo maka hannu da hannu.

Hamdiyya ta yi magana. Kada ka yi saurin murna. Shekara huɗu muna jiran ta ce Umma, sai ranar Laraba da hantsi ina wanke-wanke na ji muryar ƙaton namiji a ɗaki. Na ɗauka wani ne ya faɗo mana gida. Na shiga, na tarar ita kaɗai ce, ta jera takalmanmu a layi, ta ba ni baya tana magana. Can ta sauya zuwa wata siririyar murya, kamar ana ba wancan amsa, sannan ta yi wani dogon fito da ya sa tsigar jikina tashi. Yaren ba Hausa ba ne. Wani wurin kamar Turanci, amma ba irin wanda nake ji a kasuwa ba. Sau uku na kira sunanta, ko waiwaye.

Tun ranar kullum sai ta yi. Hajiya ta ce masu wurin ne, tunda da tsamiya a filin nan kafin a sare a yi gidaje. Ta ce su biyu ne, mace da namiji, kuma ta samu labarin wani mai magani a bayan Iku.

Maman Obadiya, maƙwabciyarmu da nake bar wa yarinyar in zan tafi shagon ɗinki, ta tafi Kafanchan jana'iza, don haka ko wanda zan yi shawara da shi babu. Ina jin kunyar rubuta wannan, amma jiya Hamdiyya ta zo ta jingina da ni, sai na ji na janye jikina. 'Yata ce fa.

Ka sa mu a addu'a.

Matarka,
Sailuba.

Maje, Suleja.
Ranar Lahadi.

Baban Hamdiyya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Na ji abin da ka ce a waya, cewa in bi maganar Hajiya. Na bi. Ga abin da ya faru, tunda ita ba za ta gaya maka duka ba.

Ranar Alhamis muka je wurin mai maganin. Ɗaki ne ba taga. Mutumin ya zaunar da Hamdiyya, ya turo kaskon turare gabanta, ya lulluɓe ta da bargo ita da hayaƙin. Tana tari, tana ihu, sai ga muryar nan ta namiji ta fito daga ƙarƙashin bargon, kalma ɗaya take ta maimaitawa. Ya ce to ga shi ya bayyana. Ya jawo tsumagiya, wai ba ita zai daka ba, na jikinta zai daka. Sau biyu ya sauke mata. Ban san sanda na fizge ta ba, na fito a guje, takalmina ɗaya can na bar shi.

Shatar tana bayanta har yanzu. Kwana uku ke nan ba ta cin komai sai ruwan koko, kuma in ta ga hayaƙin murhu sai ta shige ƙarƙashin gado.

Hajiya ba ta amsa gaisuwata. Ta ce na katse aiki a tsakiya, in ba a ƙarasa ba za su huce a kan yarinyar. Mutumin ya aiko cewa a kai ta Alhamis mai zuwa a bar masa ita kwana bakwai, ban da uwa. Na san Hajiya son jikarta take yi, na ga tana kuka a kan sallaya. Kuma in ita ce da gaskiya fa? In na hana, wani abu ya sami Hamdiyya, me zan ce maka? In na kai ta, wa zai fizge ta?

Don Allah ka nemi izini ka zo.

Matarka,
Sailuba.

Maje, Suleja.
Ranar Laraba.

Baban Hamdiyya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina fatan kana lafiya. Ka yi haƙuri da rubutun.

Jiya Maman Obadiya ta dawo. Ta shigo mu gaisa, Hamdiyya na tsakar gida, sai muryar ta tashi. Na yunƙura zan ɗauke ta don kunya, sai na ji matar nan ta kwashe da dariya, ta ƙarasa mata maganar da irin muryar sak. Hamdiyya ta ɗago kai ta kalle ta. Ka san ba ta kallon idon kowa.

Maman Obadiya ta ja mu ɗakinta ta kunna talabijin. Baban Hamdiyya, fim ne na yara. Jiragen ƙasa ne masu ido da baki suna hira. Akwai babba baƙi mai ƙatuwar murya, akwai ƙarama ruwan ɗorawa, ga fiton nan. Ashe duk safiya shi Hamdiyya take kallo a can, da aka tafi Kafanchan aka rufe ɗakin sai ta dawo tana yi wa kanta. Ta zauna tana bin su kalma da kalma, ba kuskure.

Na tambayi ma'anar kalmar da ta riƙa maimaitawa a cikin bargo. Maman Obadiya ta daina dariya. Ta ce abin da babban jirgin ke faɗa ne in zai yi karo, wato a tsaya, a tsaya. Roƙonmu take yi, ina tsaye a wurin.

Na kira Hajiya ta gani. Da fari ta ce jirgi mai fuska ai shi ma abin a yi a'uziyya ne. Amma ta zauna har fim ya ƙare. Da muka koma gida ta ɗaga rigar yarinyar, ta daɗe tana kallon bayanta, sannan ta ce in miƙo mata man kaɗanya.

Ba ta ce an fasa zuwa Iku ba, kuma gobe ce Alhamis. Ni dai na yanke, ba zan kai ta ba, ko da kai ne ka ce. Ban taɓa ƙin maganarka ba, ka yafe mini wannan. Gobe da sassafe Maman Obadiya za ta raka ni wurin likitan yara a Gwagwalada. Ta ce akwai yara masu irin wannan, abin har suna gare shi, kuma ba lallai ya warke ba, sai dai a koyi zama da shi. Wannan ma tsoro yake ba ni, ba zan ɓoye maka ba.

Yanzu haka Hajiya ta leƙo ta tambaye ni ƙarfe nawa motar Gwagwalada ke tashi. Na gaya mata. Ta ce in goge mata mayafinta.

Ka huta lafiya.

Matarka,
Sailuba.