Murjanin Malam Gidaɗo

Kankiya, 6 ga Fabrairu, 2022

Zuwa ga maigidana Malam Gidaɗo, Baban Hawwa'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Ya haƙuri da wurin? Tarin ya sauka? Mu nan lafiya lau. Mahaifiyarka Inna tana gaishe ka, ɗiyarka Hawwa'u ma haka.

Na san abin da za ka fara tambaya, to kwantar da hankalinka, murjaninka na teku da kake kiwo a ruwa yana nan da rai. Kullum da safe ina cika akwatin gilashin da tataccen ruwa har zanen da ka yi, in duba injin da ke juya ruwan, ranar Juma'a kuma in dama gishirin teku in sauya bokiti ɗaya. Ɗan guntun nan mai laushi da ka zo da shi daga Legas a kwalba, wanda bai kai babban yatsa ba, yanzu ya rufe dutsen tsakiya, har ya fara hawa gilashi. Ƙananan hannuwansa sai buɗewa suke suna rufewa, ba hutu. Makon jiya na yi ta maza na sa reza na yanko reshe huɗu, na ɗaure kowanne a jikin tsakuwa da zare, yadda kake nuna wa ɗalibanka. Ƙarnin ya kwana biyu a hannuna. Uku sun kama.

Har yanzu Inna ba ta san kana tsare ba, mun ce mata makaranta ce ta tura ka kwas. Yayanka Dawuda ya koma Mawashi ya sake yi wa iyalan mamacin ta'aziyya. Sun karɓe shi, amma babban ɗan ya ce shi kotu yake jira. Na san ba da gangan ka kaɗe tsohon nan ba, Allah ma ya sani.

Taka har kullum,
Basira

Kankiya, 20 ga Maris

Baban Hawwa'u,

Sallama da gaisuwa. Ya jikin naka? Dawuda ya ce ka rame, don Allah ka riƙa cin abin da nake aikowa.

Abin nan ya fi ƙarfina. Ya haye koren murjanin nan mai tauri da kake ji da shi, da na ɗaga sai na tarar ya zama fari fat. Ya shiga bakin injin ma, sai da na ƙwaƙule da tsinke. In na yanke nan ya tsiro can, ko ɓurɓushi ya faɗa ruwan sai ya kama wani wuri. Abokin aikinka Malam Hussaini ya karɓi reshe biyu don ɗakin gwaji, kwana uku suka mutu. Sauran da na yanke a bayan ɗaki nake binne su, raina yana sosuwa.

Zafi ya shigo. Na kafa fanka a kan ruwan, da rana ina jefa ƙanƙara a leda.

Inna ta zame a banɗaki, ƙugunta ya karye. Mai ɗori ya zo, amma ba ta iya juyawa sai mun juya ta. Kullum sai ta tambaye ni yaushe kwas ɗin nan zai ƙare.

Matarka,
Basira

Kankiya, 17 ga Afrilu

Maigida,

Assalamu alaikum. Ya ibada, ya ƙishirwa? Allah ya karɓa mana. Na roƙi Dawuda ya fara zaunar da kai ya gaya maka da bakinsa kafin ya miƙa maka wannan takarda. Inna ta rasu ranar Juma'a bayan azahar, an kai ta Kusada kusa da mahaifinka. Allah ya jiƙanta, ya ba ka haƙuri.

Akwai abin da Dawuda bai sani ba, ni ya kamata in faɗa maka.

Kwana tara ba wuta a unguwarmu. Batirin solarka ya tsufa, ba ya ɗaukar injin ruwa da fankar akwatin da ta ɗakin Inna a lokaci guda. Bayan Inna duk ya yi gyambo, numfashi da ƙyar, muna yi mata fifita ni da Hawwa'u har hannuwanmu su sage. Ranar Talata da hantsi na tsaya a gaban akwatin, na daɗe ina kallonsa, sannan na zare wayoyin na kai batirin ɗakinta.

Kafin la'asar hannuwan murjanin sun daina motsi. Washegari duk ya narke, ruwan ya koma kamar kunu, kifaye biyun da ke ciki sun mutu suna yawo a saman ruwan. Wari ya cika gidan har maƙwabta suka aiko tambaya. Bokiti goma sha ɗaya muka kwashe, da azumi a bakinmu. Shekara shida kana renonsa, ni na kashe shi a yini ɗaya.

Inna ta samu iska kwana uku. Ta yi barci sosai, ta sha fura da kanta. Sunanka ta yi ta kira a ƙarshe, ni kuma na ce mata kana hanya. Wannan ƙaryar ta fi komai tsaya mini a rai.

Da za a maimaita, haka zan sake yi. Duk da haka ka yafe mini.

Lauya ya ce an ɗage zaman kotu sai bayan Sallah. Na wanke ɗakin Inna, na wanke naka inda akwatin yake, na kulle su. Ni da Hawwa'u mun koma kwana a rumfa, don har yanzu ba mu iya shiga ko ɗaya.

Taka,
Basira