Sunan Inna a Takardun Mota

Gummi, daren Talata.

Barci ya ƙi zuwa. Tun rasuwar Baba nake neman kamfanin inshorar da zai karɓi tsohuwar motarsa. Biyu sun ƙi, wai ta tsufa, kuma hanyar Bukkuyum ba lafiya. Yau wakilin na uku ya zo daga Gusau, ya yaba injin, sannan ya buɗe takardu.

"Malam Sanusi, wace ce Hauwa'u? Ita ce mai motar, sai da sa hannunta."

Sunan Inna ne! Na shiga ɗakinta da takardar.

Ko ɗagowa ba ta yi ba daga tsintar wake. "Tawa ta, Sanusi. Shanun gadona na saida na saye ta, don a bar yi ma babanku dariya bisa keke. Shi kaɗai ya sani."

Shekara arba'in muna cewa motar Baba, har mun sa ta cikin gado. Gobe dole in tara ƙannena in faɗa musu.

Inna kuwa ta ce wakilin ya dawo da safe, tana da tambayoyi.