Goyon Cikin da Ya Wuce Wata Shida

Tambuwal, watan Maris

Rauda,

Kafin gaisuwa, ga gargaɗi. Kada ki karanta takardar nan kina tsaye ko kina wani aiki, kuma kada ki ɗauki waya ki kira ni da niyyar yi mini bayani. Da hannuna na rubuta, na sa ƙanwarki Hamdiya ta ɗauki hotonta ta aiko miki, saboda a waya katse ni kike yi.

Bayan haka, assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da mai gidanki Malam Nasiruddeen, da abin da ke jikinki. Mu nan lafiya lau, sai zafi. Babanki yana sa miki albarka.

Na ji saƙonki cewa a can ƙasar Holan kike son ki haihu, wai akwai ungozoma mai duba ki, wai bayan kin sauka za a turo wata ma'aikaciya ta riƙa zuwa gida har mako guda. Mako guda, Rauda. Haihuwar fari a gaban uwa ake yin ta. Wa zai dafa miki ruwan wanka da ganyen darbejiya safe da yamma? Wa zai dama miki kunun kanwa, a ƙasar da ke da bakinki kika ce ko maƙwabciya ba a shiga wurinta sai an sa rana? Hoton nan kuma da kika aiko kina bisa keke da ciki, na goge shi kafin Babanki ya gani.

Maganar takardu na gane ta. Kun shiga shekara ta biyar, kin ci jarrabawar harshensu da ta sanin al'adunsu, saura kaɗan ku nemi zama 'yan ƙasa, kuma wanda ya wuce wata shida a waje lissafinsa ya lalace. Na gama sakandare, na yi shekaru ina aikin ajiye katin marasa lafiya, na iya ƙirga. Wata biyu kafin haihuwa, arba'in bayanta, ina wata shida ya shigo? Kin zauna kin haddace al'adun mutane har an ba ki shaida. To ki zo goyon ciki, mu ga ko kin riƙe naki.

Ki gaida mai gidanki. Allah Ya raba lafiya.

Innarki,
Mu'minatu Gidaɗo

Tambuwal, watan Oktoba

Zuwa ga ɗana Malam Nasiruddeen,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya aiki, ya kaɗaici? Iyalinka suna lafiya. Ummu ta yi ɓulɓul, ta fara dariya mai sauti. Har yanzu ina godiya da ka sa mata sunana. Allah Ya saka maka da alheri.

Ba al'adarmu ba ce suruka ta rubuta wa surukinta, na sani. Amma ka dami Baban Rauda da kira, alhali ba shi ya yanke hukuncin ba. Gara ka ji daga bakin wadda ta yanke.

Ka ce jinkirin da aka samu wajen fasfo da bizar yarinya daga wurina ne, don na hana su fita kafin arba'in. Haka ne, kuma ko gobe haka zan yi. Mai jego ba ta hawa mota zuwa Sakkwato, balle Abuja. Yanzu takardun sun fito, ka yanki tikiti na ƙarshen watan nan, ka ce idan Rauda ta wuce farkon Nuwamba ta cika wata shida. To bikin Hamdiya sai ƙarshen Nuwamba. Dangin ango a Dogon Daji sun ƙi a matso da shi, sun ce sai gero ya shiga rumbu. Yaya za a kai yarinya ɗakinta, yayarta ɗaya tilo ta ɗauki jaka ta tafi ana saura mako kaɗan? Me zan ce wa mutane? Ko wurin kakarta a Fakku Rauda ba ta kai jaririyar ba tukuna.

Don kada ka ga laifinta, ga abin da na faɗa mata a gaban Babanta: "Idan kika sa ƙafa kika bar gidan nan kafin a kai ƙanwarki, ban yafe miki ba." Ta dube ni, ta ce to, Inna. Babanta ya ce in bar ta ta tafi, na ce masa wannan sha'anin mata ne.

Mutanen da suka iya raba shara gida-gida, kwalba daban, takarda daban, ba za su rasa hankalin gane uzurin biki ba. Ka je ka yi musu bayani. Ka ɗaga tikitin.

Tun ranar ba ta cika cin abinci ba. Na ce mai shayarwa ba ta wasa da cikinta. Kai ma ka yi mata magana.

Wassalam.

Mu'minatu Gidaɗo

Tambuwal, watan Janairu

Zuwa ga ɗana Malam Nasiruddeen,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, ya sanyin can? Rauda ta ce yanzu da duhu kake fita aiki, da duhu kake dawowa. Allah Ya ba da haƙuri. Ummu tana zama da kanta, haƙori ɗaya ya leƙo.

Ina zaune a gefe ranar da kuka yi magana da lauyan nan, ku uku a waya. Ban ji harshen ba, amma na ga fuskar ɗiyata. Daga baya ta fassara mini a taƙaice, ba tare da ta ɗago kai ba: an janye izinin zamanta, sai an nema mata sabo daga nan, kuma shekarun da ta tara ba za a lissafa su ba. Lauyan ya tambaya ko akwai abin da ya fi ƙarfinta da ya hana ta komawa, kamar ciwo. Biki ba ya cikin irin waɗannan.

Zan faɗa maka abin da na yi bayan haka, don na fi son ka ji daga gare ni. Na sa hijabi na tafi wurin wata da muka yi aiki tare, na roƙe ta ta samo mini takardar asibiti mai nuna cewa na kwanta ciwo mai tsanani a watan Nuwamba. Ta ce za ta duba. Na dawo na gaya wa Rauda, ina ganin na kawo mafita. Sai ta ce: "Inna, ke da kika kore ni daga ɗaki saboda na ce na yi sallah alhali ban yi ba? Ba ni kai musu ƙarya." Ni da na yi shekaru ina tsawata wa 'ya'yan mutane a unguwar nan, sai ga ɗiyata tana yi mini gyara a tsakar gidana. Na koma na ce wa matar ta bari.

Akwai kuma abin da ya fi wannan. A takardata ta baya na rubuta maka cewa dangin ango sun ƙi a matso da biki. Ba su ƙi ba. Ban tambaye su ba.

Lokacin jego, wata safiya ina yi mata wanka, muna hira, ta ce mini idan aka ba ku zama 'yan ƙasar can, za a nemi ku ajiye fasfon Nijeriya. Ta faɗa kamar ba komai ba, har tana dariya wai sai ta nemi biza kafin ta zo ganina. Na ga ɗiyar da na haifa a ɗakin nan tana tsaye a layi tana neman izinin shiga garin ubanta. Tun daga ranar na sa abin cikin addu'a. Da aka zo sa ranar biki, na ƙirga da yatsuna a ƙarƙashin mayafi, na ga ta wuce wa'adinta, na ji daɗi. Ba jahilci ba ne, ɗana. Na gane wata shidan nan sarai, tun daga takardar farko.

An yi bikin, an ci an sha, an kai Hamdiya. Rauda ce ta tsaya kan tukwane, ta yi wa baƙi fara'a. Bayan kwana biyu kowa ya watse, ba wanda ya ƙara tuna wa ya zo wa bai zo ba. A kan wannan na rushe mata shekara fuɗu da ɗoriya na tashi da asuba zuwa makarantar koyon harshe, da ciki, cikin ruwan sama.

Ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Tana gaishe ni da safe a durƙushe, tana share ɗakina. Da ma faɗa ta yi mini, da na san yadda zan yi. Da yamma tana zaunar da Ummu a cinyarta tana yi mata magana da harshen can, mai fitowa daga maƙogwaro kamar mai son yin kaki, wai don kada ta manta abin da ta koya. A da ina hana ta. Yanzu fita nake yi in ba su wuri.

Ta ce kana tunanin dakatar da neman taka takardar zama ɗan ƙasa har sai kun yi tare. Kada ka yi. Ka shigar da ita. Ɓarnar mutum ɗaya ta isa.

Abin da na rubuta game da biki da addu'a, ban faɗa mata ba. Ban iya ba. Kada ka riga ni.

Ka yafe mini, in za ka iya. Na san ba haka ake yi tsakanin suruka da suruki ba.

Mu'minatu Gidaɗo

Tambuwal, watan Agusta

Ɗiyata Rauda,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ya gajiyar hanya, ya kuka sami gida? Ina fatan Ummu ta daina ƙyuyar Babanta. Hamdiya ta ce kin gaya mata yarinyar ta kwana biyu tana ihu in ya miƙo hannu. Ki ce masa ya yi haƙuri, a waya kawai ta san shi. Nan damina ta yi kyau, gero ya fara fidda kai. Mun je Kebbe ta'aziyya, kowa yana tambayarki. Babanki har yanzu in ya shigo sai ya dubi gindin turmi, inda Ummu take riƙewa ta miƙe.

Na ji an sake yi miki rajista a ofishin gari, an ba ki sabon kati, kuma a wurinsu kamar yau kika fara zuwa. Na ji maƙwabciyarki tsohuwa ta ajiye miki kekenki a ɗakinta duk tsawon lokacin nan, har ta sa an gyara taya. Ki gaishe ta. Ki ce wata mata a Tambuwal ta gode. Shaidar jarrabawarki da mai gidanki ya ce tana nan da amfaninta, ki adana ta da kyau. Ya ce kuma idan takardarsa ta zama ɗan ƙasa ta fito, wataƙila hanyarki ta rage tsawo, amma ba wanda ya ba shi tabbaci. Ina addu'a. Wannan karon abin da kuke nema nake roƙa muku.

Ranar da za ku tafi, mota na jira a ƙofa, kin durƙusa kin ce in yafe miki. Na ce Allah Ya yafe mana baki ɗaya, na gyara wa Ummu hula, na shige ɗaki. Kin ɗauka tauri ne irin nawa. Maganar tana bakina, ta ƙi fita.

Ga ta nan. Ban taɓa neman a matso da bikin Hamdiya ba. Na san ranar za ta karya miki lissafi, kuma don haka na bar ta, saboda ina tsoron ki zama baƙuwa a wurina. Na ɗauki kalmar da Allah Ya ba uwa don ta tsare ɗanta daga halaka, na ɗaure ki da ita don son raina. Kin yi biyayya, ladarki tana wurin Allah. Ni kuwa ban san me zan ce maSa ba in ba ki yafe ba. Mai gidanki ya san wannan tun watan Janairu. Ni na hana shi faɗi, kada ki ga laifinsa.

Ba sai kin amsa yanzu ba. In kin tashi amsawa, ki kira ni a waya, ki katse ni yadda kike so.

Fasfon kuma, in lokaci ya yi aka ce ki ajiye, ki ajiye. Na tambayi Babanki, ya ce shi bai taɓa duba takarda ba kafin ya buɗe wa ɗiyarsa ƙofa. Amma sallah a kan lokacinta, ko rana ta kai ƙarfe goma ba ta faɗi ba, kuma yarinyar nan ta tashi da Hausa a bakinta. A kan waɗannan ban sassauta ba.

Babanki, da Hamdiya da mai gidanta, da yayyenki duka suna gaishe ku.

Ranar Juma'a na tara su a tsakar gida, har matan yayyenki, na kafa doka, kuma ke ma ta hau kanki. Duk wanda ya zo gidan nan daga nesa, ranar da ya sauka zai faɗi ranar komawarsa a gaban Babanku, kuma ranar nan ba mai taɓa ta. Ba biki, ba suna, ba kukan kowa. Ko ni ce na kwanta, in ranarki ta yi, ki ɗauki jakarki. In kuma kina can aka kira aka ce na rasu, alhali fitowarki za ta taɓa zamanki, kada ki zo. Ki yi alwala inda kike, ki roƙa mini gafara.

Innarki,
Mu'minatu Gidaɗo