Tulu a Ramin Safaya

Zuwa ga Shugaban masu gyaran rediyo da kaset na Karaye,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da abokan sana'a. Allah ya ƙara girma.

Sunana Sale, ni ke jan ƙaramar motar Alhaji Mudi tsakanin Karaye da Rogo. Ko in ce ni ke ja a da, don yau makullin ba ya hannuna. Na rubuto a fili ne saboda a fili ake kirana ɓarawo a tasha, kuma mutuminka Ɗanlami, mai shago a bakin kasuwa, shi ya ja mini.

Na ɗaya. Ka san fasinjan yanzu, motar da kaset ɗinta ke tashi da kyau ita suke rububi. Ni kuwa sifikokina, in ganga ta buga sai ka ce gwangwani ake kaɗawa. Na je wurin Ɗanlami na ce ina son babbar sifika wadda dukan ganga zai fito a dunƙule, dam-dam, ba mai gurnani tana karkaɗa ƙofofi ba. Na kuma gaya masa gaskiya, aljihuna bai kai na akwatin katako ba. Ya ce in kwantar da hankalina, in bar masa motar. Da na dawo na tarar ya ɗaga ƙasan but ɗin motar da katako, ya rufe da kafet tsaf, fuskar sifika ta leƙo ta tsakiya. Sauti kam, ba zan yi masa ƙarya ba, ya yi. Har albarka na sa masa.

Na biyu. A watan Zulƙida, 'ya'yan wani dattijo a Beli, Malam Idi, suka ɗauke ni shata in kai mahaifinsu sansanin alhazai a Kano, don an kira jirginsu. Ba mu yi nisa ba tayar baya ta fashe. Ban damu ba, na ɗauko jak, na ɗaga katakon nan in ciro safaya. Ranka ya daɗe, tulu na gani! Tulun ƙasa irin na ruwan sha, zaune daram a ramin safaya, an kifa sifika a bakinsa an liƙe da danƙo, an tottokare shi da tsummoki. Safaya babu ita, babu alamarta. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Tsohon nan salati kawai yake yi. A bayan akori-kura aka ɗora shi da fararen kayansa, a kan buhunan masara. Allah ya sa bai rasa jirgi ba, amma 'ya'yansa sun kai ƙarata gaban Alhaji Mudi, kuma ban ga laifinsu ba.

Na uku, kuma shi ya fi ɗaure mini kai. Alhaji ya ce sayar da safayar na yi, ya karɓe makulli. Na garzaya shagon Ɗanlami raina a ɓace. Ko gezau bai yi ba, sai ya nuna mini sama. Ga safayar can a kan rufin shagonsa, ya danne kwano da ita saboda iskar farkon damina. Wai ai kowa a tulu yake dasa sifika a ɗakinsa, wai tulun bai sami wurin zama ba sai nan, wai kuma ban tambaye shi taya ba. Don Allah, wane direba ne ke tambaya ko an bar masa safayarsa? Ya sauko mini da ita, amma ya ƙi bin ni wurin Alhaji, don gidan Alhajin na kawo masa gyara, yana tsoron ya rasa su. Na kai tayar ni kaɗai, Alhaji ya ce da asirina ya tonu ne na je na fanso ta.

Abin da nake roƙo ba yawa. Ka sa Ɗanlami a gaba ku je wurin Alhaji Mudi, ya faɗa da bakinsa wanda ya cire safayar da inda ta kwana. Sannan ka ja kunnen mutanenka, duk wanda zai taɓa wani abu a motar haya ya gaya wa direba, don rayukan mutane muke ɗauka. Diyya ba na so.

Shekara da shekaru ina yi wa Alhaji aiki, ko noti bai taɓa ɓata a hannuna ba. Yanzu kullum ina zaune a benci a tasha ba lodi, iyali na jira a gida. Tun kafin motar ta kunno kai nake jiyo gangar nan dam-dam, fasinja na rububinta, wani ne ke ja.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya albarkaci sana'arku, ya kare ka daga ƙazafin da ba ka da mai wanke ka.

Wassalam.

Sale, direban da ba mota,
Karaye.