Harawa Na Ce, Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hauwa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar 'ya ga uwarta, tare da fatan kina cikin ni'imar Ubangiji a makwancinki. Na san babu motar da ke kai takarda inda kike, amma shekara biyu ke nan ina tara magana a ciki, yau kuwa ta yi mini nauyi. A kan akuyarki Kyalla zan yi miki bayani. Na yi tafiya na bar ta kwana biyar, abin da ban taɓa yi ba tun da kika rasu.

Kin san matsayinta a gidan nan. Kakar kakarta kika zo da ita ranar da aka kawo ki amarya, kuma tun daga lokacin zuriyar ba ta yanke ba. Ita kuwa Kyalla duk haihuwarta maza ne, sun tafi a suna da layya. Yanzu ta tsufa, haƙoranta sun zube saura kaɗan. Da ta ɗauki ciki bana, kullum addu'ata Allah ya sa mace ce, don in ta mutu ba ta bar 'ya ba, kiwonki ya ƙare a hannuna.

Ina tuna ki da safe a ƙarƙashin rakuba, rumfar nan ta tsakar gida, kina shan shayi da madara, ita kuma ta ɗora haɓarta a kafaɗarki tana jiran gutsuren gurasar kisira na ƙarshe. Dabino ma kina cire mata ƙwallo. In muka yi ƙorafi cewa kin ɓata ta, sai ki ce, "Ku ƙyale min ɗiyata, ita ɗai ba ta maida min magana gidanga."

Da aka fita da ke, kwana uku ta yi a ƙofar ɗakinki tana kuka. Masu zuwa ta'aziyya suka ce a ɗaure ta a baya, na hana. Ita ce take faɗin abin da ni na kasa faɗi a gaban mutane.

Tun daga nan ita ce abokiyar hirata. In na dawo daga hawasha, gonarmu, da ɗaurin ciyawar bakin tur'ar ban-ruwa a ka, tun ban shigo lungunmu ba take gane takuna, ta fara kira. Tantabarunki su sauko su cika tsakar gida, kyanwar nan mai rabin wutsiya ta zo tana goga mini ƙafa kamar ta yi wani aiki. Wallahi, Inna, gajiyar yini duka a nan take sauka. Matar da mijinta ya rasu ta dawo gidan iyayenta, in ta samu masu murnar dawowarta kowace yamma, ba ƙaramin abu ta samu ba.

Akwai wadda ba ki sani ba, dole in gabatar miki da ita. Usman, autanki, ya yi aure bara. Sunanta Nafisa, daga garin Managil aka kawo ta. Uwa da uba Hausawa ne, amma a cikin Larabci ta tashi, Hausar tata 'yar tsinta-tsinta ce. Tana ce wa mijinta "ke", ta ce wa tukunya "shi". Yarinya ce mai ladabi, ga hannun girki. Sai dai duk ranar da ta buɗe baki da Hausa mun samu abin dariya, kuma ba zan ɓoye miki ba, ni ce kan gaba. Ni na laƙaba mata Balarabiya. Da farko tana taya mu dariyar. Daga baya na lura ta rage magana a gabana, kome na ce sai ta amsa da "hadir, Yaya," wato "to" ɗinsu na Larabci. Na ɗauka kunya ce irin ta amare.

Bayan ƙaramar Sallah aka sa bikin 'yar Yaya Asabe a Abu Hujar. Babu yadda za a yi in ƙi zuwa, ni ce a madadinki. Usman ma zai je. Nafisa kuwa cikinta ya shiga wata bakwai, hanyar ba ta mai ciki ba ce, aka ce ta zauna, maƙwabciyarmu Gwaggo Habi za ta riƙa leƙa ta.

Sati guda na yi ina rabon dabbobi kamar mai rabon gado. Kaji na tura su gidan Gwaggo Habi su bi nata. Tantabaru na cika musu ƙwarya da dawa, ba su da matsala. Kyanwa kuwa ko na bar wasiyya ko ban bari ba, ta san gidajen da ake soya kifi. Kyalla ce ta hana ni sukuni. Gwaggo Habi ta fi kowa sanin akuya, amma gwiwoyinta sun ƙi, daga tabarma zuwa buta ma sai da sanda. Ina cikin wannan tunani Nafisa ta zo ta tsaya a gefena, ta tattaro duk Hausar da take da ita ta ce, "Yaya, ki bar shi a wurina. Ni ciki, shi ciki, za mu zauna sawa-sawa, tare."

Na yi dariyar "shi" ɗin, amma na amince. Na nuna mata kaskon ruwa, na nuna mata ma'aunin dusa, na nuna mata inda za ta mayar da igiya in rana ta juyo. Harawar gyaɗa da na sa Usman ya sauko da ita daga saman rakuba ya zuba a ɗakin ajiya, ita ce kawai na manta, kuma ita ce babban abincin.

Sai da muka hau mota, direba ya tayar, na tuna. Na leƙo ta taga na ɗaga murya na ce, "Nafisa! Ki riƙa ba ta harawa safe da yamma, ta ƙoshi, kin ga ciki gare ta!" Ta matso da sauri, hannunta a ƙugu, ta ce, "Halawa, Yaya?" Inna, na ji ta sarai. Na ɗauka harshenta ne ya karkace kamar kullum. Na ƙyalƙyale da dariya, matan cikin mota suka taya ni, na ce, "E, ita, Balarabiya, ita!" Da na ce mata safir, yadda Larabawa ke kiran abin, da an wuce wurin. Motar ta ja, na bar ta tsaye tana ɗaga mana hannu.

Biki ya yi kyau. Na ga dangin da rabona da su tun rasuwarki, na ci kifin kogi har na gode Allah, na zauna a inuwar mangwaro a bakin ruwa. Kowace safiya ina kiran Nafisa in ce, "Ta ci?" Ta ce, "Ta ci, Yaya, tana so ƙwarai." In ce, "To ƙara mata." Da bakina na faɗa, har sau uku.

Rana ta huɗu da hantsi waya ta yi ƙara, lambar Nafisa ce amma muryar Gwaggo Habi. Ko sallama ba ta yi ba ta ce, "Rabi, mi kic ce ma yarinyar ga ta ba akuya?" Na ce harawa. Ta ce, "To halawa ta ji. Ki taho gida."

Ashe babban gwangwanin halawar riɗi da Usman ya sayo mata a kasuwar Hajj Abdalla saboda kwaɗayin ciki, shi take yankowa safe da yamma tana kai wa Kyalla, ita ko ɗanɗanawa ta daina. Da ya ƙare ta koma kan alawar Sallah, tana ɓare ledar ɗaya bayan ɗaya don kada akuya ta haɗiye. Ta haɗa da biskit ɗin Sallar da ya rage. Ta sha jin labarin yadda kike shagwaɓa Kyalla da shayi da dabino, sai ta ɗauka wannan ma al'adar gidanmu ce ga akuya mai ciki. Ga dusa, ga zaƙi, babu ko tsinken ciyawa. Cikin Kyalla ya kumbura, zawo ya kece mata, ta kwanta ta kasa tashi.

Allah ya saka wa Gwaggo Habi. Da sanda da rarrafe ta iso garken, ta ɗura mata jiƙon kanwa da man gyaɗa, ta sa aka tashe ta tsaye ana murza mata ciki.

Washegari na bi motar farko, ban jira kai amarya ba. Duk tsawon hanyar nan ina shirya maganar da zan gaya wa Nafisa. Na jera ta, na goge ta, na ƙara mata barkono. Wace irin mace ce za ta ba akuya alawa? Ko a Managil ɗin ba ta taɓa ganin dabba ba?

Na same ta zaune a ƙasa cikin garke, da wannan cikin nata, kan Kyalla a kan cinyarta, tana kore mata ƙuda da gefen mayafi. Idanunta sun kumbura. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Yaya, na tambaye ki. Na ce halawa? Kin ce e." Ba da tsiwa ta faɗa ba, a hankali ta faɗa, kamar mai neman a tabbatar mata ba ta haukace ba. Sannan ta ce, "Zuciyata ya ce a'a, lakin na ji tsoro in ƙara tambaya, ki yi dariya."

Duk maganar da na ɗauko daga Abu Hujar ta watse. Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba ko a gabanki. Shekara guda yarinyar nan tana ƙoƙarin shigowa harshenmu, ni kuma ina tsaye a ƙofa ina yi mata dariya. Na durƙusa na karɓi kan akuyar, na ce mata ta tashi ta ci abinci. Abin da na iya faɗa ke nan.

Bayan kwana biyu Kyalla ta miƙe da kanta, ta sa baki a harawa, ta gaske. Nafisa ta rangaɗa guɗa har Gwaggo Habi ta jiyo ta katanga. Na ce shi ke nan, Allah ya tsare.

A rana ta uku, bayan na idar da sallar asuba gari ya fara haske, na shiga garke na tarar ta zubar da cikin. Biyu ne, Inna. Na juya su na duba, dukansu mata. Gashi bai gama fito musu ba, amma ɗaya ana ganin alamar farar ɗamarar nan a cikinta, irin ta uwarta. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da ke. Daga baya da na gaya wa Gwaggo Habi, ta ce da wuya Kyalla ta sake ɗauka, shekarunta sun ja.

Na naɗe su a tsohon zane na binne a bayan garke kafin kowa ya fito. Na wanke Kyalla da ruwan ɗumi, na share wurin na zuba sabon yashi.

Da rana ta ɗaga Nafisa ta fito da ɗaurin harawa a hannu. Ta shafa cikin akuyar, ta dube ni ta ce, "Yaya, ciki ya yi ƙarami." Na dubi nata cikin, saura mata wata biyu, ga shi na fari, ga ta ba uwa a kusa. Sai na ji bakina ya ce, "Ashe ba ciki ba ne, Nafisa. Ƙiba ce da iska, ni na yi kuskure tun farko." Ta zura mini ido, sannan ta yi ajiyar zuciya ta ce alhamdu lillahi har sau uku. Ta yi dariya ta ce, "Ashe Yaya ma tana yin galat." Na ce ƙwarai kuwa, Yaya ma tana yi.

Ke kika hana mu ƙarya, ko ta wasa. Ga shi na yi, da gangan, kuma ban yi niyyar warware ta ba. Ni da Gwaggo Habi kaɗai muka sani, ko Usman ban gaya wa ba. Kiwon da kika riƙe tun kina amarya a hannuna ya tsaya, kuma dariyata ce ta tsayar da shi. Ki yafe mini, Inna. Abin yana ci na, ba ni da wanda zan gaya wa sai ke.

Da Hausa na rubuta wannan don na san Nafisa ba za ta iya karantawa ba. Ku da kuke karanta ta a waya inda na saka ta, don girman Allah, kada wanda ya fassara mata.

Ya Allah ka jiƙan Inna, ka yalwata mata kabarinta, ka haɗa ta da iyayenta a Aljanna. Ka sauki Nafisa lafiya, ka raba ta da abin da ke cikinta kowa da ransa. Ka ba Kyalla sauran kwanakinta cikin sauƙi. Ni kuma ka yafe mini dariyar da ƙaryar, ka fi kowa sanin wadda ta fi nauyi.

Na bar ki lafiya, Inna.

'Yarki mai kewarki,
Rabi