Kiran da Mai Gyaran Salansa Bai Ji Ba

Uwargida Maxine,

Ki taimaka mini da shawara, ko da yake ban saba roƙon kowa komai ba. Sakandare kawai na gama, ita ma da ƙyar. Ubana bai bar mini ko sifana ba. Ni na koya wa kaina walda da wani tsohon inji da na tsinto a bola. Garejina ni na zuba masa kankare, ni na ɗora rufin, sannan na gina gidanmu manne da shi don kada in riƙa kutsa dusar ƙanƙara da safe. 'Yata ɗaya, na kai ta jami'a. Babu banki ko suruki ko fasto a jiharmu ta Wisconsin da zai ce shi ya ɗaga ni.

Salansar babur ce sana'ata. Mutum zai cire ta kamfani, mai kuka kamar keken ɗinki, ya sa wata ta kasuwa mai ƙara a madadinta. Bayan shekara biyu ko uku audugar gilashin da ke ciki ta ƙone, muryar ta fashe, sai ya kawo mini. In huda ƙusoshin murfin, in zaro bututun nan mai huji-huji, in kankare shi, in naɗe shi da sabuwar auduga. Wannan kowa zai iya. Sanin yawan matsin shi ne aikin. Ka matse da yawa ta yi ihu kamar ba komai a cikinta, ka sassauta iska ta fitar da ita kafin kaka. Ni da kunne nake aunawa. In rufe ƙofa, in kunna fankar hayaƙi, in ta da babur, in durƙusa dab da bakin salansar in murɗa totur. Ban taɓa toshe kunne ba, domin mai toshe kunne ƙarya yake ji. In na gamsu sai in maƙala ɗan farantin tagulla mai sunana. Mutane kan zo tun daga Dakota mai nisa saboda wannan farantin.

To, kunnen ya tafi. Ba rana ɗaya ba. Da farko wani siririn fito ne da ba ya tsayawa, sannan muryar mata, sannan waya. Yanzu da ƙirjina nake jin babur, da tafin hannuna a kan sirdi, kuma har yau ba wanda ya dawo mini da aiki. Har zuwa watan Janairun nan matata Lorraine ce kaɗai ta sani. Ita ke ɗaga wayar gareji, ita ke yi mana oda a gidan abinci, a coci ta taɓa mini gwiwa in lokacin tashi tsaye ya yi. Masu babur kuwa bakinsu nake kallo ina gyaɗa kai. Sau ɗaya na kusa tonuwa. Orval Teague, wani ƙato mai gemu har ciki, ya ce, "Kai tsoho, na ce maka budurwata ta gudu da mai gyaran famfo, ka ce mini madalla?" Na ce, "Madallar ce mana, da wannan tsintsiyar a fuskarka ai ta yi haƙuri." Aka fashe da dariya, maganar ta wuce.

Watan Janairu, lokacin da kowa ke kawo salansa tun da ba a hawa saboda sanyi, ina kan gyaran wata salansa bayan abincin rana. Lorraine ta ɗauki kwandon wanki za ta sauka ɗakin ƙasa inda injin wanki yake, ƙafarta ta zame. Ƙashin kwatangwalonta ya karye. Ɗakin ƙasan nan bango ɗaya ne tsakaninsa da garejin, kuma ba ma ɗumama shi. Ban shiga gida ba sai da yunwa ta koro ni, rana ta faɗi. Na tarar ba komai a kan murhu, har na fara mita. Sai na ga ƙofar matakala a buɗe. Leɓunanta sun yi shuɗi, murya ta ƙare, bakin ne kawai ke motsi. Na iya karatun baki. Sunana take faɗi.

A asibiti ba ta yi mini faɗa ba. Da ta yi da ya fi. Ta juyo da fuskarta sosai yadda zan gani, ta ce, "Ina jin ka, Merle. Duk sanda ka kashe injin sai in ce yanzu zai ji ni. Sai ka sake tayarwa."

Da aka sallame ta 'yarmu Gwen ta wuce da ita gidanta a Eau Claire. A bakin mota ta tsare ni, tana ɗaga murya kamar mai magana da jaki: "Baba, Mama ba za ta koma gidan nan ba sai ka sa na'urar ji, ka kuma sayar da garejin. Baburanka ko matarka, ka zaɓa." Yarinyar da salansa ta biya wa makaranta. Na je wurin likitan kunne don a zauna lafiya. Ya ce na'urar za ta taimaka, amma in na ci gaba da durƙusawa a bakin salansa ɗan abin da ya rage ma zai tafi.

Ki duba lamarin ta wajena. Matakalar nan ni na yi ta, ba ta da aibu, silifas ɗin ƙafarta ne ya ja. Na sha gaya mata ta bar kwandon in sauko da shi. Kuma ranar da Orval da irinsa suka ga abu a kunnena, an gama. Wa zai tuƙo mil ɗari uku ya sayi ƙara a hannun kurma? Farantin nan zai koma abin dariya, har waɗanda ke kan babura tun shekara talatin.

Ran Lahadi nakan je in gan ta. Tana tafiya da sanda yanzu. Ta daina ɗaga mini murya, ta daina taɓa mini gwiwa. Tana magana a hankali kamar yadda ake yi wa kowa, rabi in kama, rabi ya wuce, ba ta maimaitawa. In dawo in buɗe gwangwanin miya in sha a tsaye. Kwandon wankin yana nan a ƙasan matakala, na kasa ɗaukarsa. Ina son matata ta dawo gida. Ba na son in mutu ina mutumin da ya taɓa iya wani abu. Yaya zan yi?

Abu na ƙarshe. Na ga kina sa wa masu rubuto miki "Mai Damuwa" ko "Wani Bawan Allah". Kada ki yi mini haka. Ban taɓa fitar da aiki ba suna ba. Ki rubuta shi cikakke.

Merle Hofstetter, Merrow Falls

*

Malam Merle,

Na aika maka kati na tambaye ka ko ka tabbata, ka dawo mini da shi da layi ɗaya: "Na ce ki sa." To na sa. Ka san masu babur suna karanta jaridar nan, in ba su ba matansu. Asirin da kake tsarewa, wanda ya hana ka sa na'urar, ya fita yau, kuma da hannunka. Ina zaton ka san haka lokacin da kake rubutawa, ka gaji da ɗaukarsa ne kawai.

Ba kai ka tura ta ba, kuma ban yarda da Gwen kan sayar da gareji ba. Tsoro ne ya sa ta faɗi haka. Mutum irinka in aka raba shi da aikinsa, abin da zai saura ba zai yi wa Lorraine daɗin zama ba. Amma ka bar maganar silifas. Ba faɗuwar ce ta hana ta dawowa ba, jiran ne. Shekaru ta yi tana zama kunnenka don sunanka ya tsira, ranar da ta buƙaci kunne ɗaya a gidan babu. Maganar da take yi maka a hankali yanzu ba horo ba ce. Ta ajiye aikin ne, tana kallo ta ga ko za ka ɗauka.

Ka koma wurin likita makon nan a auna maka na'urar. In za ka ta da babur ka cire ta ka toshe kunne, tun da kai da bakinka ka ce da ƙirji da tafin hannu kake aiki, kuma ba a dawo maka da ko ɗaya ba. Ka haɗa fitila mai walƙiya a garejin, da maɓallin da Lorraine za ta rataya a wuya, ta danna in tana nemanka. Injin wankin kuma ka hau da shi sama. Ka ɗauke kwandon nan, ka wanke kayan da ke ciki. Wasu abokan ciniki za su gudu, ba zan ɓoye maka ba. Orval zai tsokane ka wata guda, sannan ya tambaye ka sunan likitan.

In ka gama, ka je wa Lorraine da na'urar a kunne, ba da alkawari ba. Ka roƙe ta ta ba ka labarin yinin nan daga farko har ƙarshe, kada ka kare kanka ko sau ɗaya. Ban san ko za ta dawo da wuri ba, ban ma san ko za ta dawo ba. Ita ce mai wannan hukuncin.

Sunanka yana jikin salansa daga nan har Dakota, yau ga shi a jarida. Mutum ɗaya ce ta kira shi har muryarta ta ƙare. Ka je ka amsa. Allah ya ba ta lafiya, ya ba ka ƙarfin zuciya.

Maxine